Sharhi: Wa zai riƙe bayanan sharar yuraniyom ta Arlit bayan rabuwar Nijar da Orano?

A farkon watan Disambar 2025, ministan shari'a na Jamhuriyar Nijar, Alio Daouda, ya sanar da cewa an gano ganguna kusan 400 ɗauke da samfurin duwatsu masu fitar da tururin nukiliya a Madawela, kusa da garin Arlit. Gwamnati ta ɗora alhakin lamarin a kan kamfanin Orano na Faransa, ta kuma ce za ta kai shi kotu. Kamfanin ya musanta, yana mai cewa ba shi da lasisin aiki a wurin, bai kuma gudanar da wani aiki a can ba.

Kotu ce za ta raba wannan gardama. Sai dai lamarin ya fito da wata matsala da ta fi shari'ar girma. An fara fitar da yuraniyom daga Arlit a 1971, akwai kuma mutanen da suka ga farkon aikin da ke raye har yau. Duk da haka an kai matsayin da ake jayayya kan wanda ya ajiye ganguna a fili. Idan haka ta faru cikin rayuwar mutum ɗaya, me zai faru da tarin sharar da za ta ci gaba da zama haɗari bayan dubban shekaru?

Amsar ba ta shafi mutanen Arlit kaɗai ba. Ta shafi har ƙauyukan kudancin ƙasar irin su Gabi da ke gundumar Madarunfa a jihar Maradi, kusan kilomita 600 daga ramukan.

Abin da aka bari a Akokan

Kamfanoni biyu ne suka shafe shekaru suna aikin a yankin. SOMAÏR, da aka kafa a 1968, yana haƙa a buɗaɗɗun ramuka. COMINAK kuwa, da aka kafa a 1974 ya fara fitar da kaya a 1978, ya yi aikinsa a ƙarƙashin ƙasa a Akokan, a zurfin kusan mita 250. An rufe shi ranar 31 ga Maris 2021 bayan ya samar da kusan tan 75,000 na yuraniyom.

Yuraniyom ɗan kaɗan ne a cikin dutsen da ake haƙowa. Ana niƙa dutsen, a jiƙa shi da sinadarai, a tace abin da ake nema, sauran kuma a zubar kamar dusa. Wannan dusar ce ta taru a Akokan har ta kai kusan tan miliyan 20, a fili mai faɗin kusan hekta 120, tsayinta a wasu wurare ya kai mita 35. SOMAÏR ma yana da nasa tarin.

Matsalar ita ce cire yuraniyom ba ya cire gubar. Kusan kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na ƙarfin tururin da ke cikin dutsen na asali yana nan a cikin dusar, domin sauran sinadaran da ke tare da yuraniyom ba a cire su. Sinadarin radiyom-226 yana buƙatar shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Toriyom-230, wanda shi ke haifar da radiyom ɗin, sai ya shekara kusan 75,000. Daga radiyom ne iskar radon ke fita, wadda ba ta da launi ko wari, kuma an tabbatar tana haddasa sankarar huhu ga wanda ya daɗe yana shaƙarta.

Shirin gyaran wurin da aka amince da shi lokacin rufe COMINAK ya tanadi lulluɓe tarin da yumɓu da duwatsu masu kaurin mita biyu, a kan kuɗi kusan biliyan 95 na CFA. An tsara aikin zai ɗauki kusan shekara goma, sannan a bi shi da wasu shekaru na sa ido. Orano ya sha cewa tururin da ke isa ga mazauna gari bai wuce iyakar da doka ta yarda da ita ba. Ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa, da ta fara gwaje-gwaje a Arlit tun 2003, da ƙungiyar Aghir In'Man ta Almoustapha Alhacen, sun daɗe suna ƙalubalantar wannan magana. Greenpeace ta ce a 2009 ta auna tururi a wasu titunan Akokan da ya ninka na al'ada har sau 500, kuma huɗu cikin samfurin ruwa biyar da ta ɗauka sun zarce ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ko da an ɗauki maganar kamfanin gaba ɗaya, lissafin shekarun bai canja ba. Sa idon na 'yan shekaru ne, gubar kuma ta dubban shekaru ce. Abin da zai cike wannan giɓi shi ne bayanan da aka adana da kuma mutanen da suka san yadda ake karanta su.

Takardu a tsakiyar rikici

Bayanan da ake magana a kansu ba na ado ba ne. Akwai taswirar hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da suka kai ɗaruruwan kilomita, da wuraren da aka toshe su. Akwai jerin abin da aka binne da inda aka binne shi, daga ƙarafa zuwa tarkacen masana'anta. Akwai sakamakon gwajin rijiyoyi na shekaru da dama, wanda sai da shi za a gane ko guba na tafiya cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa da kuma inda ta nufa. Akwai kuma rajistar adadin tururin da jikin kowane ma'aikaci ya ɗauka a tsawon aikinsa.

Kamfanonin da suka yi aikin ne suka tara mafi yawan waɗannan bayanai, da harshen Faransanci. Yanzu kuma dangantaka ta lalace. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kawo Janar Abdourahamane Tiani, gwamnati ta janye lasisin Imouraren daga hannun Orano a Yunin 2024. A Disambar wannan shekarar kamfanin ya ce ya rasa ikon tafiyar da SOMAÏR. A Mayun 2025 jami'an tsaro suka shiga ofisoshin rassansa a Yamai, kamfanin kuma ya yi ƙorafin an ƙwace masa kayan aiki. Ranar 19 ga Yunin 2025 majalisar ministoci ta sanar da mayar da SOMAÏR hannun gwamnati, tana zargin Orano da kwasar kason da ya zarce hannun jarinsa na kashi 63. Shari'ar tana gaban kotun sasanta rikicin zuba jari ta ICSID.

A irin wannan yanayi kowace takarda tana iya zama hujja a kotu, don haka babu ɓangaren da zai yi gaggawar miƙa wa ɗaya abin da ke hannunsa. Injiniyoyin da suka san wurin suna watsewa, wasu sun yi ritaya, wasu sun canja aiki. Abin da ke kan ma'aikacin da ya shekara 25 a cikin rami, kamar inda ruwa ke tsattsafowa ko inda aka taɓa yin kuskure aka gyara, sau da yawa ba ya cikin kowane fayil.

Akwai wani ɓangaren da murnar karɓe ma'adinai ta danne. Ƙasar da ta karɓi rami ta karɓi shararsa. Ko da kotu ta tilasta wa Orano biyan kuɗin gyara, tarin yana ƙasar Nijar, kuma jikokin 'yan Nijar ne za su zauna kusa da shi. Kamfanin da kansa ya canja suna sau biyu cikin shekara 20, daga Cogema zuwa Areva, daga nan zuwa Orano a 2018. Babu wanda zai iya lamunce cewa zai wanzu nan da shekara 100.

Me ya haɗa Gabi da wannan?

Gabi ƙaramar hukuma ce ta manoma da makiyaya a kan iyaka da Najeriya, kusa da dajin Baban Rafi. Babu ramin yuraniyom a can. Amma akwai hanyoyi uku da matsalar ke iya isowa.

Ta farko ita ce mutane. Arlit gari ne da aikin ma'adinai ya kafa, kuma 'yan ci-rani daga kudu, ciki har da jihar Maradi, suna cikin waɗanda suka cika shi. Rufe COMINAK ya raba kusan ma'aikata 600 da aikinsu, ban da ɗaruruwan masu aiki ƙarƙashin 'yan kwangila. Sankarar huhu tana iya ɗaukar shekara 10 zuwa 30 kafin ta bayyana. Tsohon ma'aikacin da ya koma ƙauyensu ya kama tari, asibitin karkara zai fara zuwa, inda za a fi zaton tarin fuka ne. Idan ba shi da takardar da ke nuna abin da jikinsa ya ɗauka, likita ba shi da dalilin neman wani abu dabam, iyalinsa kuma ba su da abin riƙewa wajen neman diyya. An kafa cibiyar OSRA a 2011 domin duba lafiyar tsofaffin ma'aikata, amma amfaninta ya dogara ga sunan mutum yana cikin rajista da kuma ikonsa na isa wurin. Ko a Faransa, iyalin wani tsohon ma'aikacin COMINAK da sankarar huhu ta kashe sun yi nasara a kotu a 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013 kan batun wane kamfani ne ainihin wanda ya ɗauke shi aiki.

Ta biyu ita ce ƙarfe. CRIIRAD da Greenpeace duk sun ce sun samu gurɓatattun ƙarafa daga ma'aikatun ana sayarwa a kasuwar Arlit. Maƙera na mayar da irin waɗannan kayan gwangwan zuwa tukwane, ƙofofi da kayan rufin ɗaki. Ƙarfe ba ya zama wuri ɗaya, kuma Maradi babbar mahaɗa ce ta fatauci tsakanin arewacin Nijar da Katsina da Kano. Ɗan gwangwan ba ya iya gane gurɓataccen bututu da ido.

Ta uku ita ce haƙa. Tun 2014 zinaren Jado da Cibarakaten ke jan dubban matasa zuwa arewa. A cikin gundumar Madarunfa kanta, rami ya rufta a yankin Ɗan Isa a Nuwambar 2021 ya hallaka mutum 18 masu neman zinare. Matashin da talauci ya kora ba ya tsayawa tambayar tarihin wuri. Tudun da aka lulluɓe da kyau a cikin hamada, ga ƙarafa binne a ƙarƙashinsa, abin jan hankali ne ga mai diga da shebur, musamman bayan an janye masu gadi.

Maƙwabta sun riga sun ga abin da rashin sani ke jawowa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje ba tare da an san abin da ke cikinsa ba. An kankare gurɓatacciyar ƙasar an binne a ramuka a wajen ƙauyukan. Dalma ba ta ruɓewa, don haka tambayar wanda zai tuna da wuraren nan da shekara 50 ta shafe su su ma.

Darasi daga wasu ƙasashe

Ƙasashe masu arziƙi ma sun yi tuntuɓe a nan. A Jamus an zuba ganguna kusan 126,000 na sharar nukiliya a tsohon ramin gishiri na Asse tsakanin 1967 da 1978, ba tare da cikakkiyar rajista ba. Daga baya ruwa ya fara shiga ramin. A 2009 aka gyara ƙiyasin sinadarin fulutoniyom da ke ciki daga ƙasa da kilo 10 zuwa kusan kilo 28. Yanzu doka ta wajabta a fito da gangunan, aikin da zai ci biliyoyin yuro.

A birnin Goiânia na Brazil, a 1987, wasu masu tsintar ƙarfe suka ɗauko wata na'urar gashin sankara daga asibitin da aka yi watsi da shi, suka fasa ta, suka sayar wa mai gwangwan. Mutum huɗu suka mutu, ciki har da yarinya 'yar shekara shida, 249 suka gurɓata, aka kuma gwada mutum kusan 112,000. Dusar Arlit ba ta da zafin wannan sinadari, cutarwarta a hankali take zuwa ta ƙura da iska da ruwa. Amma hanyar ɗaya ce, wato kaya mai haɗari ya fita daga hannun wanda ya san shi ya faɗa hannun wanda bai sani ba. Irin waɗannan haɗurra ne suka sa hukumar IAEA ta fito da sabuwar alamar gargaɗi a 2007 mai hoton ƙoƙon kai da mutum yana gudu, bayan an gane cewa mutane da yawa ba su fahimtar tsohuwar alamar mai kama da farfela.

Misali mafi kusa shi ne Mounana a Gabon, inda wani reshen kamfanin Faransa ya haƙi yuraniyom daga 1961 zuwa 1999. Bayan rufewa aka gano an gina gidaje da tarkacen ramin, aka kuma sake gina fiye da 100.

Akwai kuma waɗanda suka ɗauki abin da muhimmanci. Hukumar Andra ta Faransa, mai kula da ma'ajiyar La Manche da ta karɓi shara daga 1969 zuwa 1994, ta buga dubban takardun wurin a kan takarda ta musamman mai jure ƙarnoni, ta ajiye kwafi a wurin da wani a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, ta kuma kafa ƙungiyoyin mazauna yankin domin riƙe labarin. Hukumar makamashin nukiliya ta OECD ta shafe 2011 zuwa 2019 tana nazarin batun. Shawararta ita ce kada a dogara da hanya ɗaya, kuma a rubuta wani taƙaitaccen kundi cikin harshe mai sauƙi da za a yaɗa ko'ina. Sashe na 17 na yarjejeniyar duniya ta 1997 kan sharar nukiliya ya wajabta adana bayanan wuri, tsarin gini da abin da ke ciki bayan an rufe ma'ajiya. Ke nan Faransa ta san yadda ake wannan aiki a gida, kuma Nijar na da hurumin neman irinsa a Akokan.

Wasu masana na ganin gara a bar wuri ba alama, domin alama na jawo masu son sani. An yi wannan muhawara kan ma'ajiyar Onkalo ta Finland, mai zurfin fiye da mita 400 a cikin dutse, da aka tsara ta riƙe shara shekara 100,000. Hujjar tana da ƙarfi ga abin da ke can ƙasa. Tudun Akokan kuwa a sarari yake, kilomita kaɗan daga garin da ke da mutum fiye da 100,000, ba ya ɓoyuwa.

Me ke daɗewa a ƙasar Hausa?

Takarda tana da abokan gaba: gara, ambaliya, gobara da canjin gwamnati. Kwamfuta ta fi saurin tsufa, domin faifan da aka yi amfani da shi shekara 30 baya da wuya a samu na'urar da za ta buɗe shi yau. Harshe ma yana juyawa. Cikin ƙarni ɗaya boko ya danne ajami har matasa da dama ba sa iya karanta wasiƙun kakanninsu. A Maris 2025 sabon kundin mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci harshen aiki. Babu tabbacin cewa harshen da aka rubuta fayilolin COMINAK da shi zai kasance a bakin jami'an Agadez nan da shekara 200.

Hatta hamadar da ake dogaro da bushewarta ba dawwamammiya ba ce. A Dabus, kusa da hanyar Agadez zuwa Arlit, akwai zanen raƙuman dawa a jikin dutse da aka sassaƙa shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da yankin ke da ciyawa da ruwa. Shekarun wannan zane ba su kai ko kusa da rabin rayuwar toriyom ba.

Amma yankin Madarunfa yana da misalin abin da ke jurewa. Kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da tafkin, waɗanda Nijar ta saka cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a 2006, ba ofis ne ya riƙe labarinsu ba. Mutane ne ke ziyarta, iyaye suna gaya wa 'ya'ya, sunan wurin kuma yana ɗauke da ma'anarsa. Labarin da ake maimaitawa, wanda kuma wani ke ganin nauyinsa ne ya isar da shi, ya fi daɗewa. Rauninsa shi ne yana riƙe wuri ya saki adadi. Baki zai iya cewa "kada a haƙa nan", ba zai iya riƙe sakamakon gwajin rijiya ba. Shi ya sa ake buƙatar hanyoyin biyu tare.

Abin da za a iya yi yanzu

Nijar ba ta rasa cibiyoyi ba. Akwai hukumar ARSN mai sa ido kan harkar nukiliya, da HANEA, da cibiyar nazarin sinadarai masu tururi a Jami'ar Abdou Moumouni, da makarantar ma'adinai ta EMAIR a Agadez. Abin da ake buƙata shi ne a ɗora wa ɗaya daga ciki nauyin kundin a doka, da kasafin kuɗin da ba ya jiran farashin yuraniyom.

Mataki na farko shi ne a ware bayanan lafiya da muhalli daga rikicin kuɗi. Gwamnati na iya neman cikakken kwafi a matsayin sharaɗin kowane sulhu, IAEA kuma na iya zama shaida. A ajiye kwafin a wurare dabam-dabam, a Arlit da Agadez da ma'ajiyar tarihi ta Yamai, da jami'o'i irin su Ɗan Dikko Ɗan Kolodo ta Maradi.

Na biyu, a rubuta taƙaitaccen kundi da Hausa, Tamashek, Larabci da Faransanci, mai taswira da bayanin abin da aka hana: gini, haƙa rijiya, ɗibar ƙasa da kiwo. A shigar da iyakokin wurin cikin rajistar kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa, domin can ne ake zuwa idan za a raba fili.

Na uku, a naɗi bayanan tsofaffin ma'aikata tun suna raye, a kuma bai wa kowanne kwafin rajistar tururinsa, har da waɗanda suka yi aiki ƙarƙashin 'yan kwangila. Sannan a samar da na'urar auna tururi a manyan kasuwannin gwangwan da mashigai irin su Ɗan Isa, domin ƙaramar na'ura ce da mutum ɗaya ke riƙewa a hannu.

Wannan nauyi zai hau duk wanda ya zo bayan Orano. Nijar ta sa hannu kan takardar fahimtar juna da Rosatom na Rasha a Yulin 2025, kuma SOMAÏR da ke hannun gwamnati na ƙara dusa a kan tarin duk lokacin da injinansa suka yi aiki. Ma'aunin da ake neman ɗora wa tsohon kamfani shi ne ya kamata sabbin masu wurin su fara bi.

Ga iyalan da ke Maradi, Madarunfa ko Gabi da ke da uba ko kawu da ya yi aiki a Arlit, akwai abin da ba ya jiran gwamnati. Katin aiki, takardun albashi, sakamakon asibiti da shekarun da mutum ya yi a kowane sashe, duk a tattara su wuri ɗaya, a ɗauki hotonsu, a aika wa 'yan uwa da ke waje. Idan aka je asibiti da tari ko ciwon ƙirji, a fara gaya wa likita inda mutumin ya yi aiki da kuma tsawon lokacin da ya yi.